Kafofin da Ido Ba Ya Gani: Yadda Suke Tare Wutar Lantarki Ko Su Buɗe Mata Hanya

Duk wanda ya taɓa dawowa gida da tsakar rana a watan bazara, ya ɗebi ruwan randa da moɗa ya kai baki, ya san abin da ake kira sanyi. Daga jikin randar sanyin yake fitowa. Jikin nata cike yake da 'yan mitsi-mitsin kafofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Shi ya sa randa mai kyau kullum jikinta a jiƙe yake, in kuwa aka shafe ta da fenti sai ta daina sanyaya ruwa.

To, ku ɗaga kai ku dubi falwayar da ke bakin layinku. Can sama inda waya ta ratsa, akwai wasu abubuwa masu ruwan ƙasa da sheƙi, kamar an kife faranti bisa faranti. Insuleta ma'aikatan lantarki suke ce musu. Su da randa uwa ɗaya uba ɗaya ne: ƙasa ce aka kwaɓa, aka siffata, aka gasa. Aikinsu shi ne su riƙe wayar da ke ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000 ba tare da sun bar ta ta sauko ta jikin turke ba. Sai dai abin da ya sa randa ta yi kyau, shi ne zai kashe insuleta. Da za a gina ta da jiki irin na randa, da wuya ta ga ƙarshen damina ɗaya.

Daga nan mutum zai iya ɗauka cewa kafofi kullum hanya suke buɗe wa wuta. A wasu kayan haka ne. A wasu kuma akasin haka ke faruwa, kafofin su ne ke shaƙe wutar. Abin da ke raba gardamar abu uku ne: mene ne a cikin kafar, wace irin siffa gare ta, kuma ko ta haɗu da 'yan'uwanta ko ita kaɗai ce a kulle.

Daga gari zuwa dutse

Kalmar seramik laima ce babba. A ƙarƙashinta akwai tukunya da tulu da kasko, akwai gasasshen bulo da tayil da kwanukan faɗi-ka-mutu. Akwai kuma na masana'anta, waɗanda ba da yumɓun bakin kududdufi ake yin su ba, da tataccen gari ake yi, irin su alumina da zirkoniya. Dukansu hanya ɗaya suke bi: gari, matsi, wuta.

Ku cika mudu da gero, ku danna iya ƙarfinku. Duk yadda kuka danna, tsakanin tsaba da tsaba akwai fili, shi ya sa in kuka zuba ruwa zai shige. Haka garin seramik yake bayan an matse shi a cikin inji: kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na jikinsa fili ne, iska ce kawai a ciki. A wannan hali da yatsa ma za a iya marmashe shi.

Sai a kai shi tanderu. Ba a narkar da shi. Alumina ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2000 a ma'aunin Salshiyas, amma wajen digiri 1600 ake gasa ta. A wannan zafin ƙwayoyin zarra sukan fara rarrafe, suna barin inda suke suna taruwa a wurin da tsaba ta taɓa tsaba. A hankali sai wani ɗan wuya ya fito tsakanin tsabobin biyu, ya yi ta kauri, tsabobin su matso juna, filin da ke tsakaninsu ya yi ta raguwa. Abin gaba ɗaya sai ya tsuke, kamar yadda maginan tukwane suka sani tun kaka da kakanni cewa tukunya ba ta fitowa daga wuta da girman da ta shiga. A kayan da aka yi da farar ƙasa, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alƙaleri ta jihar Bauchi, akwai ƙarin taimako. Akan haɗa ta da garin wani dutse mai suna felsifa, wanda ke narkewa ya zama kamar ruwan gilashi, ya malala cikin kafofin ya cike su.

A farkon gashi kafofin a haɗe suke da juna kamar lungunan tsohon gari, in ka shiga wannan ka ɓulla wancan har ka fita waje. Waɗannan su ne buɗaɗɗun kafofi. Gashi na nisa lungunan na toshewa, har lokacin da filin ya ragu zuwa wajen kashi 8 cikin ɗari ko ƙasa da haka. A nan galibin abin da ya rage sai ya zama 'yan ɗakuna a kulle, kowane shi kaɗai, ba ƙofa ba taga. Waɗannan su ne rufaffun kafofi. Ku riƙe wannan bambancin, domin kusan komai a kansa ya rataya.

Mun ga bambancin a ƙasar nan da idonmu. Gashin gargajiya da ake yi a fili da itace da ciyawa da wuya ya kai digiri 900, don haka tukunya ke fitowa da buɗaɗɗun kafofinta. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da irin wannan gashin ta fara. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin da yanzu ake kira Suleja, inda tanderu ke haura digiri 1200. Hannun ɗaya ne, zanen ɗaya ne, amma tukwanen da suka fito daga wannan tanderun ba sa tsattsafar da ruwa.

Idan seramik ɗin mai ɗaukar wuta ne

Yawancinmu mun ɗauka duk abin da aka gasa daga ƙasa wuta ba ta bi ta cikinsa. Ba duka ba. Tun a 1897 wani masani Bajamushe, Walther Nernst, ya ƙera fitilar da abin da ke haske a cikinta ɗan sandan zirkoniya ne. Sai an ɗumama sandan tukuna wuta take fara bi, daga nan ya riƙe zafinsa da kansa ya yi ta haske. Zirkoniyar da aka gauraya da ɗan sinadarin itiriya, in ta yi zafi, ƙwayoyin oksijin masu ɗauke da caji ne ke tsalle daga gurbi zuwa gurbi a cikinta, wannan tafiyar tasu ita ce wutar.

A irin wannan kayan, wuta ta cikin tsokar seramik ɗin take bi, kafa kuwa iska ce a cikinta, ba hanya. Ɓarnar kafa iri biyu ce. Ku ɗauki misalin mai son ratsa unguwa mai yawan kududdufai da damina. Na farko, filin da za a taka ya ragu, jama'a sun cunkushe a 'yar busasshiyar ƙasar da ta rage. Na biyu, ba a miƙe za a tafi ba, sai an yi ta zagaye, tafiyar minti biyar ta koma ta minti goma. Hanya ta matse, ta kuma ƙara tsawo.

Masana sun daɗe da sa wa wannan lissafi. James Clerk Maxwell, mutumin Sikotilan, ya fitar da nasa a littafinsa na 1873, Bruggeman ɗan ƙasar Holan ya zo da wani a 1935. Idan kafofin kaɗan ne, lissafin biyu kusan abu ɗaya suke faɗa: kowane kashi 1 na fili yana cinye wajen kashi ɗaya da rabi na wutar da za ta wuce. Kenan in kafofi sun kai kashi 10 cikin ɗari, an yi asarar kusan kashi 15. A lissafin Bruggeman, in sun kai kashi 30, abin da zai rage bai kai kashi 60 ba. In sun kai rabi, wajen kashi 35 ne kawai ya saura.

Amma a nan ne nake ganin ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. Lissafin nan ya ɗauka kafofin zagayayyu ne kamar ƙwallo, a warwatse daidai wa daida. Abin da ke fitowa daga tanderu ba ya bin wannan ladabin. Kafa ɗaya siririya, shimfiɗaɗɗiya kamar tsagar reza, in ta gitta wa hanyar wuta, za ta yi ɓarnar da zagayayyun kafofi masu yawa ba su yi ba, alhali in aka auna girmanta ba ta kai komai ba. In kuma ita wannan tsagar ta kwanta ne a tsawon hanyar, wuta sai ta bi gefenta ta wuce kamar ba ta nan. Samfuri biyu za su iya zama da kashi 15 na kafofi kowannensu, amma ɗaya ya fi ɗaya ɗaukar wuta nesa ba kusa ba.

Abin ya fi muni a kayan da gashinsa bai nuna ba. A nan wuyan da ke tsakanin tsaba da tsaba bai yi kauri ba tukuna. Cikin kowace tsaba fili ne fetal, amma don wuta ta tsallaka zuwa ta gaba sai ta kutsa ta wannan siririn wuyan, kamar taron ranar hawan sallah da aka ce kowa ya fita ta ƙofar gari ɗaya. A irin wannan hali wutar kan faɗi ninki goma ko fiye, lissafin Maxwell kuwa ba zai hango haka ba. Sannan a wurin haɗuwar tsabobin nan ne datti ke taruwa, musamman ɓurɓushin yashi, ya zama wata siririyar katanga. Mai bincike da ya ga wuta ta ragu ya ɗora laifin duka a kan kafofi, mai yiwuwa ne rabin laifin na wannan katangar ne. Tun 1969 wani mai bincike mai suna Bauerle ya nuna, a kan zirkoniya, yadda za a raba su ta hanyar aika wuta mai kai-komo da sauri iri-iri, a ga nawa tsaba ta tare, nawa iyakarta ta tare.

Idan mai tare wuta ne

Mu koma kan falwaya. Tsokar insuleta ba ta ɗaukar wuta, don haka abin tsoro shi ne baƙon da zai shigo cikin kafa. In kafofin buɗaɗɗu ne, baƙon ruwa ne. Raɓa da ruwan sama da laimar iska sukan shiga da ɗan gishiri-gishirin da ke narke a cikinsu, ruwa mai gishiri kuwa hanya ce ta wuta. Sai wuta ta fara yoyo ta lungunan nan, yoyon ya kawo zafi, zafin ya kawo tsaga, tsagar ta ƙara kiran ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce ai ga sheƙin nan na gilashi da aka lulluɓe ta da shi. Yana taimakawa, yana hana datti maƙalewa, yana sa ruwa ya zame. Amma dutse ɗaya daga danƙon yaro ya isa ya ɓantare shi. Saboda haka ƙa'idar gwaji ba ta yarda da fatar waje ba, tsokar take dubawa. Akan fasa insuleta, a jefa gutsattsarin cikin wani jan rini, a matsa da ƙarfi na sa'o'i, sannan a sake farfasa su a duba. In rinin ya kutsa ciki ko da kaɗan ne, kayan sun faɗi. Ƙurar hunturu da ke lulluɓe insuleta, raɓa ta jiƙa ta, wuta ta bi ta bayanta da ƙara tsi-tsi-tsi, wannan wata matsala ce daban, ta saman jiki, ko lafiyayyar insuleta ma tana gamuwa da ita.

Rufaffun kafofi ruwa ba ya shigarsu, amma su ma da nasu sharrin. Iska takan kasa jurewa ta bar tartsatsi ya keta ta idan turin wuta ya kai wajen bolt 3000 a kowace milimita, alumina mai kyau kuwa tana jure fiye da 10,000. Ga shi kuma turin ya fi taruwa a cikin kafar fiye da tsokar da ke kewaye da ita. Wato wurin da ya fi rauni shi ke ɗaukar kaya mafi nauyi. Sai ɗan tartsatsi ya riƙa tashi a cikin kafar, yana gwaguyar bangonta kullum, har ranar da zai huda ya fita. Farin abin nan da ke jikin fulogin babur ko na janareto alumina ce, tana tare wutar da kan haura bolt 20,000 sau dubbai a cikin minti ɗaya. In an gasa ta da ha'inci, tartsatsin maimakon ya tashi a bakin fulogi sai ya ɓulle ta gefe, inji ya fara shaƙewa. Ba kowace matsalar fulogi ce daga nan take ba, amma wannan na cikin dalilan da suka sa mai araha ƙwarai ba ya daɗewa.

Masu neman ruwa kafin a haƙa rijiyar burtsatse da wannan ilimin na kafofi da ruwan da ke cikinsu suke aiki, ko da ba a tanderu aka gasa ƙasar da suke aunawa ba. Sukan kafa ƙarafa a ƙasa su aika wuta. Dunƙulallen dutse yakan tare ta, dutse ko yashi mai kafofi cike da ruwa kuwa ya bar ta ta wuce. Wani injiniyan kamfanin Shell a Amurka, Gus Archie, shi ya rubuta dangantakar yawan kafofin dutse da wucewar wuta a 1942, don amfanin masu haƙar man fetur.

Inda ake neman kafofin da gangan

Wannan ɓangaren ya fi burge ni, domin a nan injiniya ke amfani da kafa da rashinta a abu guda. A bututun hayaƙin motocin zamani akwai wata 'yar na'ura mai shinshinar oksijin, wadda ke gaya wa kwamfutar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Kamfanin Bosch ya ƙera ta, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Zuciyarta zirkoniya ce da aka gasa har ta toshe ruf, don kada hayaƙi ya ratsa ya gamu da iskar waje. Amma a bayanta akwai shafen ƙarfen filatinam mai kafofi, a kansa kuma wata rigar seramik mai kafofi, don hayaƙin ya samu ya iso. Toshe na waje, na'ura ta makance. Huda na ciki, ta fara ƙarya.

Haka abin yake a wata na'urar da ke samar da lantarki kai tsaye daga iskar gas ba tare da inji mai juyawa ba, wadda ke aiki a zafin digiri 600 zuwa 1000. Tsakiyarta siririn faifai ne marar kafa, gefe da gefe kuma akan bar wajen kashi 30 zuwa 40 na fili don gas ya shiga, tururi ya fita. Don a samu filin, sai a gauraya garin da sitaci ko garin gawayi na musamman, wuta ta ƙone su ta bar gurabensu, kamar yadda masu tukunyar tace ruwa ke sa ɓuntun shinkafa ko garin katako a cikin yumɓu. An san kafofin za su rage wuta, an yarda da asarar don a samu numfashi. A gefen da gas ke shiga akan haɗa zirkoniya da ƙarfen nikel, kuma sai nikel ɗin ya kai wajen kashi 30 cikin ɗari kafin ƙwayoyinsa su taɓa juna su zama hanya ɗaya daga farko har ƙarshe. Ƙasa da haka, tsibirai ne ba gada.

Na'urar da ke ƙara idan gas ɗin girki ya yi yoyo ma kafofi ne jarinta. Naoyoshi Taguchi na Japan ya fito da ita kasuwa a 1968, da sinadarin da ke cikin kuza irin ta Jos. Da gangan ake barin gashinta bai toshe ba, domin gas ya kutsa har wuyan tsabobin. Da ya isa can sai wuta ta ƙaru, ƙararrawa ta buga.

A inda ake son toshe kafofi kuwa, ƙara wutar tanderu ba kullum ne magani ba. In zafi ya wuce kima tsabobi sukan kumbura da gaggawa su haɗiye kafofin a cikinsu, kafar da ta shige cikin tsaba kuwa fitarta sai an sha wuya. Kayan farar ƙasa ma har kumburi suke yi, iska ta taso a cikinsu kamar ƙullin da ya sha yis. Robert Coble na kamfanin General Electric ya gano a ƙarshen shekarun 1950 cewa ɗan ƙanƙanin sinadarin magnesiya na rage wa tsabobin alumina gudu har kafofin su samu su fice. Alumina ta fito tas har haske na ratsa ta, da ita aka yi bututun cikin fitilun titin nan masu haske ruwan lemo.

Yadda ake aunawa

Uwayenmu mata kan ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin su biya. Wadda ta gasu da kyau takan yi ƙara garau, mai tsaga ko ɗanyen gashi kuwa ta yi dum. A ɗakin gwaji ma abin bai fi ƙarfin talaka ba: sikeli mai kyau, tukunyar tafasa ruwa da zare, bisa dabarar Arkimidis masanin Girka. A auna abin a bushe. A tafasa shi cikin ruwa na 'yan sa'o'i har ya sha ya ƙoshi, a auna shi yana rataye a cikin ruwan, sannan a fito da shi a goge bayansa a sake aunawa. A misali, in a bushe giram 100 ne, a jiƙe 108, a cikin ruwa 60, sai a raba 8 da 48, a samu kusan kashi 17 cikin ɗari na buɗaɗɗun kafofi. Tayil ba ya cin sunan mai inganci na ajin farko a ƙa'idar duniya sai ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Insuletar babban layi kuwa ba a yarda ta sha komai ba.

Sai dai wannan gwajin buɗaɗɗun kafofi kaɗai yake gani. Rufaffu, da siffarsu, da kaurin wuyan tsabobi, sai an yanka abin, an goge fuskar ta yi sumul, an duba da madubin ƙara girma.

Muna da farar ƙasa, muna da ɗalibai a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da ke gwada yin insuleta da ita, kuma abu ne da ya cancanci a ƙarfafa musu gwiwa. Roƙona gare su da malamansu shi ne, kada a kawo adadin wutar da samfuri ya tare ko ya ɗauka shi kaɗai. A rubuta zafin da aka gasa shi da tsawon lokacin, a rubuta yawan kafofinsa, buɗaɗɗu nawa rufaffu nawa, a sa hoton cikinsa. Sannan a auna shi a bushe, a kwana da shi cikin ruwa, a sake aunawa, domin falwaya a waje take kwana, rani da damina.